Kuɗin Buhu da Nauyin Buhu: Tambayar da Kantin Intanet Ya Kasa Amsawa

Duk ɗan sarin da ya saba shiga kasuwar hatsi a Tudun Wada lokacin kaka ya san cewa farashin buhu shi ne abu na ƙarshe da ake yarda da shi. Kafin a kai ga taya da albarka, sai ya kama kunnen buhun ya ji nauyinsa, ya soka ƙarfe ya zaro 'yan ƙwayoyi, ya jefa ɗaya a baki ya ciza. Idan ta fashe da ƙara, masara ta bushe. Idan ta lotsa, akwai sauran ruwa a jikinta, kuma ruwan nan da kuɗi za a saye shi. Sai bayan wannan ne lambar da dillali ya faɗa take samun ma'ana, domin a wurin ɗan kasuwa tsada da araha ba su zaune cikin lamba guda. Kullum yana auna abu biyu ne, wannan a kan wancan: kuɗin da aka faɗa a kan nauyin da ke cikin buhu, nauyin da mai kaya ya yi iƙirari a kan wanda sikeli ya nuna, farashin yau a kan na kasuwar da ta gabata.

Kudancin Kano yanki ne da wannan lissafi yake da nauyi. Doguwa da Tudun Wada, da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, sun fi yawancin jihar samun ruwan sama, shi ya sa masara ta zauna musu. Tudun Wada ta yi suna da shinkafa da masu gyaranta. Madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Kayan da ke fitowa daga nan suna bi ta Kwanar Dangora a yankin Kiru, wasu su nufi Dawanau, wasu su yi kudu.

Wani sashe na wannan ciniki ya riga ya koma cikin waya. Dillali yana ɗora hoton buhuna a WhatsApp, mai kamfanin abincin kaji a Jos ko Ibadan ya gani ya kira, kuɗi su shigo ta banki. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, ya tura har waɗanda ba su so zuwa ga na'urar POS da asusun waya. Mataki na gaba a bayyane yake, kuma duk matashin da ya koyi tsara manhaja a Kano ya hango shi: a tara waɗannan hotuna da farashi a kanti guda na intanet, irin yadda Jumia da Konga suka yi wa wayoyi da takalma tun 2012, mai saye ya shiga ya tace ya zaɓa. Tunani ne mai kyau. Amma idan aka kwaikwayi rariyar waɗancan kantuna yadda take aka ɗora a kan hatsi, za a gina kasuwar da ke saka wa mai tauye mudu da alheri, ta kuma hukunta mai cikawa.

Ga yadda abin yake. Rariyar da aka saba gani a kantin intanet akwatuna biyu ce: mafi ƙarancin farashi da mafi yawansa. Mai saye ya rubuta lamba, kanti ya ɓoye duk abin da ya wuce ta. A ɗauka, don misali kawai, mutum biyu sun ɗora masara. Na farko ya sa buhunsa Naira 45,000, kuma buhun ya cika kilo 100. Na biyu ya sa nasa Naira 42,000, amma abin da ke ciki kilo 85 ne. Kilon na farko ya kama Naira 450, na biyu kuwa ya haura Naira 494. Mai saye a Ibadan ya rubuta cewa kada a nuna masa abin da ya wuce Naira 43,000. Nan take mai cikakken buhu ya ɓace daga allo, wanda ya fi tsada ya rage shi kaɗai sanye da rigar araha. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Tambayar da aka yi mata ita ta amsa, tambayar ce gurguwa.

Ruwan da ke jikin hatsi ma haka yake shiga lissafi. Masarar da za a ajiye ana so danshinta ya sauko zuwa wajen kashi 13 cikin 100. Buhu mai kilo 100 da aka ɗinke da danshi kashi 20, idan ya bushe ya sauko kashi 13, abin da zai rage bai wuce kilo 92 ba. Kilo takwas sun bi iska, ban da haɗarin ruɓewa da fumfuna a sito. Haƙorin ɗan sari yana kama wannan cikin daƙiƙa biyu. Akwatin farashi ba ya kama shi ko kaɗan.

Abin takaicin shi ne, rumbun bayanan da ke ƙarƙashin kantin ya iya wannan aiki tun kafin a haifi mafi yawan masu amfani da shi. A 1970 Edgar Codd, wani masanin lissafi da ke aiki a kamfanin IBM, ya gabatar da tsarin ajiye bayanai cikin jadawali: kowane kaya da layinsa, kowace siffa tasa da gurbinta. Daga wannan tunani aka samar da SQL, harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi, wanda aka daidaita ƙa'idarsa a 1986. A wannan harshe, babu bambancin wahala tsakanin auna gurbi da lambar da mai saye ya kawo da kuma auna gurbi da ɗan'uwansa a layi ɗaya. Wanda ya iya rubuta "farashi < 43000" ya iya rubuta "nauyin_sikeli >= nauyin_da_aka_fada". Na farkon yana cewa a kawo abin da bai kai kaza ba. Na biyun yana cewa a kawo buhunan da abin da sikeli ya nuna bai gaza abin da mai su ya yi alkawari ba. Rumbu zai bi layi-layi, ya ɗauki lambobi biyu na kowane kaya ya gwada su da juna, ya ajiye wanda ya ci jarrabawa.

Da zarar an fahimci wannan, sai a ga yawancin tambayoyin kasuwa masu amfani irin na biyun ne. Shin abin da ya rage a sito ya kai mafi ƙarancin adadin da mai shi ya ce zai sallama? In bai kai ba, tallan banza ne, kuma mai saye zai ɓata kira. Shin ranar da maganin feshi ko irin shuka zai isa Bebeji ta riga ranar da wa'adinsa zai ƙare? Shin farashin yau ya yi ƙasa da na makon jiya? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai saye zai iya amsawa ta hanyar rubuta lamba a akwati, domin lambar da ake buƙata tana canzawa daga kaya zuwa kaya, kuma tana zaune ne a cikin layin kayan da kansa.

To me ya sa ba a cika ganin irin wannan rariya ba? Rabin amsar yana cikin yadda aka gina manhajojin da ƙananan kantuna suke ɗauka kyauta. WooCommerce, wadda ta fito a 2011 kuma take hawa kan WordPress, ita ce hanya mafi sauƙi ga mai ƙaramin jari. A tsarinta na asali, siffofin kaya ba su zaune gefe da gefe a layi ɗaya. Akwai wani dogon jadawali da kowace siffa take cin layinta ita kaɗai: layi guda ya ce farashin asali na kaya kaza shi ne kaza, wani layin can ƙasa ya ce farashin rangwamensa kaza, wani kuma ya ce adadin da ya rage. Magento ma da irin wannan tsari ta shahara. Akwai hikima a ciki, domin wanda ya rubuta manhajar bai san ko firji za a sayar da ita ko turare ba, sai ya bar ƙofa a buɗe kowa ya ƙara siffar da yake so. Amma kuɗin wannan sauƙi shi ne, hanyar bincike da WordPress ta tanada tana gwada siffa ne da ƙimar da aka miƙa mata daga waje. Idan ana son a gwada siffa biyu na kaya ɗaya da juna, sai mai tsarawa ya rubuta tasa tambayar da hannu, ya ɗauko dogon jadawalin nan sau biyu ya ɗinke su a kan lambar kayan, sannan ya gwada. A kanti mai kaya ɗari ba a jin nauyin wannan. A mai dubu hamsin, shafi zai riƙa jan ƙafa, kuma wanda yake lilo da layin waya a bayan Falgore ba zai jira ba. Su kansu masu WooCommerce sun ga matsalar, shi ya sa a 2019 suka ƙara wani jadawali na musamman da ya tattaro farashi da adadi da matsayin rangwame a layi ɗaya. Nauyin sikeli da danshin masara ba sa cikinsa, kuma ba laifinsu ba ne.

Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. A wancan dogon jadawali, komai a matsayin rubutu ake ajiye shi, ko da lamba ce. Kwamfuta kuwa tana gwada rubutu ne harafi bayan harafi, kamar yadda ake jera sunaye a rajistar makaranta. A wannan awo, 9000 ya fi 85000 girma, saboda tara ta fi takwas kuma daga nan aka yanke hukunci. Mai tsarawa da ya manta bai umarci rumbu ya mai da rubutun lamba ba, zai sami sakamakon da ya yi kama da daidai a yawancin lokuta, ya riƙa kuskure a wasu, ba tare da wata ƙararrawa ta buga ba. Balle kuma a bar masu kaya su rubuta abin da suka ga dama a gurbin farashi: wannan ya sa 45k, wancan ya rubuta dubu arba'in da biyar da haruffa, na uku ya ce a kira shi. Gurbin nauyi ma haka, wani da kilo, wani da kwano, wani ya rubuta buhu ɗaya ya wuce. Buhun da ake cewa kwano arba'in ne ya danganta da kwanon wa, da kuma ko an yi masa tozo. Ba a gwada abu biyu sai an auna su da ma'auni ɗaya.

Maganin wannan ɓangare ba shi da tsada. Wanda zai gina kantin hatsi ya riga ya san siffofin kayansa, ba kamar mai manhajar kowa-da-kowa ba. Sai ya ba kowace siffa gurbinta a layi ɗaya, ya ɗaure gurbin ya ƙi karɓar komai sai lamba, ya tsayar da kilo a matsayin ma'auni. Kuɗin kilo kuma kada a bari kowa ya rubuta shi: rumbu ya raba farashi da nauyi ya cike da kansa. MySQL ta samar da irin wannan gurbi mai lissafa kansa tun 2015, PostgreSQL kuma a 2019, kuma ana iya yi masa fihirisa yadda bincike zai yi sauri ko da kaya sun yi yawa. Aikin kwana kaɗan ne ga wanda ya san hannunsa.

Sauran rabin amsar shi ne mai wuya, kuma ba a allon kwamfuta yake ba. Gwada lamba biyu ba shi da amfani idan hannu ɗaya ne ya rubuta su. Misalin da kowa ya sani shi ne alamar rangwame. Kusan ita ce kaɗai gwajin gurbi biyu da kowane kanti yake yi da murna: farashin da, an ja masa layi, ga farashin yanzu a gefensa da jan launi. Amma idan mai kaya ne yake cike duka biyun, me zai hana shi rubuta Naira 60,000 a matsayin tsohon farashin da bai taɓa sayarwa a kai ba, don Naira 45,000 ta zama ragin kashi 25? Rariyar "kayan da aka yi wa rangwame" sai ta tattaro waɗanda suka fi iya ƙari ta jera su a gaba. Tarayyar Turai ta sha fama da wannan har ta kafa ƙa'ida a 2019, wadda ta fara aiki a 2022, cewa duk mai shelar ragi dole tsohon farashin da zai nuna ya zama mafi ƙanƙantar farashin da ya sa a cikin kwana 30 da suka gabata. Tun 1998 kuma suke da dokar da ta wajabta nuna kuɗin kilo ko lita a gefen kuɗin kaya. A Najeriya, dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye a kan farashi. Sai dai hukuma a Abuja ba za ta bi kowane buhu ba. Mai kantin ne yake da ikon da ya fi na doka sauri: ya hana mai kaya taɓa gurbin tsohon farashi, ya bar rumbu ya riƙa ajiye tarihin kowane canji da ranarsa, ya ɗauko tsohon farashin daga can.

Haka nauyi. Idan mai masara ne zai rubuta nauyin da ya yi iƙirari kuma shi zai rubuta na sikeli, kowane buhu zai ci jarrabawa, kuma an koma cinikin biri a sama, sai dai yanzu da tambarin kwamfuta a jikinsa. Lamba ta biyu dole ta fito daga wani hannu: mai sikeli a wurin tattara kaya, da na'urar gwada danshi, wanda shi kaɗai ke da izinin cike waɗannan gurabe. Ba sabon abu ba ne. Kasuwar hajoji ta Habasha da aka buɗe a 2008 a kan wannan ta ginu, a kai kaya sito, a auna, a ba shi daraja, a ba mai shi takarda, takardar ce ake ciniki da ita. Kamfanin AFEX da aka kafa a Najeriya a 2014 ma da sito da sikeli ya fara. Ƙaramin kanti ba zai gina sito ba, amma sikeli ɗaya a Tudun Wada da wani a Kwanar Dangora ba su fi ƙarfin wanda ya iya biyan kuɗin talla a Facebook ba.

A nan ne masu adawa da wannan ra'ayi suke da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa: wa zai kai kayansa sikeli? Babban dillali mai mota zai kai. Manomin da ke wani ƙauye bayan Riruwai, mai buhu shida, wanda kuɗin babur zuwa wurin awo zai cinye masa riba, ba zai kai ba. Gurbin nauyin sikelinsa zai zauna fanko. Kuma SQL tana da wata ɗabi'a game da gurbin da ba a cike ba: ba ta ɗaukarsa sifili, tana ɗaukarsa abin da ba a sani ba. Idan aka gwada lamba da abin da ba a sani ba, amsar ba i ba ce, ba kuma a'a ba, don haka layin ba ya fitowa. Abin mamakin ma shi ne, ko an juya tambayar an ce a kawo buhunan da suka gaza nauyi, nan ma ba zai fito ba. Ba ya cikin masu gaskiya, ba ya cikin masu tauyewa, ya ɓace kawai, kuma babu wanda zai gaya masa dalilin da wayarsa ta daina ƙara. Rariyar da aka kawo don adalci sai ta zama shingen da ya keɓe ƙaramin manomi, ta miƙa kasuwar ga waɗanda dama su ke riƙe da ita.

Wannan gaskiya ce, amma ba hujjar komawa ga akwatin farashi ba ce, domin a can ma ƙaramin manomi mai cika buhu shi ne ke faɗuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aikin mai tsarawa shi ne ya san abin da take zubarwa ya tara masa kwano. A aikace, sai a rubuta tambayar yadda za ta raba kaya gida uku a fili: waɗanda aka auna suka cika, waɗanda aka auna suka gaza tare da yawan gibin, da waɗanda ba a kai ga aunawa ba. Rukuni na uku ya fito a allo da alamarsa, kada a binne shi. Mai saye da ya san yankin, ko yake da wakili a kasuwa, zai iya shiga nan ya yi ciniki da idonsa a buɗe. Wanda ke nesa ya tsaya a rukunin farko ya biya kuɗin natsuwarsa. Bambancin farashin da zai bayyana tsakanin rukunan biyu shi ne zai gaya wa manoma shida a ƙauye ɗaya ko ya dace su haɗa kuɗin mota su kai kayansu awo tare.

Dillalai kuma ba za su rasa abinci ba, ko da wasunsu za su yi gunaguni da farko. Dillalin da la'adarsa ta dogara ga duhun da ke tsakanin mai kaya da mai saye zai ji jiki. Wanda jarinsa shi ne amanar da aka san shi da ita, shi ne mutumin da ya fi cancanta a damƙa wa sikelin, kuma rumbu zai riƙa rubuta sunansa a gefen kowane awo, ta yadda idan kaya suka isa Ibadan aka sake aunawa, akwai lamba ta uku da za a gwada da tasa. Bayan kaka biyu, za a iya tace masu awon su ma.

Abin da ya rage a sasanta shi ne wanda zai biya mai sikelin. Idan mai kaya ne, hannun mai awo zai riƙa nauyi wajen wanda ya ba shi. Idan mai saye ne shi kaɗai, allurar za ta riƙa karkata ɗaya gefen. Hanyar da ta fi kusa da daidai ita ce kantin ya cire ladan awo daga cikin kuɗin cinikin, ƙayyadadde a kan kowane buhu, ko ya cika ko ya gaza, ya kuma riƙe wani kaso har sai mai saye ya tabbatar da nauyin da ya karɓa.